Gubar Gansakukar Teku a Cikin Kawa da Danginta: Bayani da Gargaɗi

A cikin ruwan teku akwai wasu tsirrai ƙanana ainun waɗanda ido ba ya iya ganinsu ɗaya-ɗaya sai da madubin likita, kowannensu ƙwayar halitta ce guda da take shawagi a sama-saman ruwa inda hasken rana yake kaiwa. Dangin gansakuka ne, wato koren abin nan da yake kwanciya a fuskar tafki da kududdufi idan ruwa ya daɗe a tsaye, kuma a kansu rayuwar teku duka ta dogara, domin su ƙananan halittu suke ci, kifaye su ci ƙananan halittun, mutum kuma ya ci kifin. Ban da haka, masana sun kiyasta cewa kusan rabin iskar oksijin da tsirrai suke samarwa a duniya daga wurinsu take fitowa. Ire-irensu da aka sani sun kai dubbai, kuma mafi yawansu alheri ne zalla. Sai dai akwai 'yan kaɗan a cikinsu, waɗanda ba su kai kashi ɗaya cikin goma ba, da suke haɗa guba a jikinsu, kuma wasu daga cikin gubobin nan suna cikin mafiya ƙarfi da aka taɓa samu a jikin wata halitta. Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana yadda gubar take bi ta cikin kawa da danginta har ta isa cikin mutum, da irin ɓarnar da take yi idan ta isa, da kuma dalilin da ya sa dabarun da aka gada na gane lalataccen abinci ba sa aiki a kanta ko kaɗan.

Yadda gubar take taruwa

Kawa da ƙumba da sauran danginsu halittun ruwa ne masu taushin nama da suke zaune a cikin ɓawo biyu masu buɗewa da rufewa, wasu manne a jikin duwatsu ko saiwoyin itatuwan bakin teku, wasu kuma binne cikin yashi da laka. Ba sa farauta, ba sa yawon neman abinci. Abin da suke yi shi ne su zuƙi ruwa, su tace shi, su riƙe 'yan ƙwayoyin gansakukar da suke ciki su haɗiye, sannan su fitar da sauran ruwan. Babbar kawa guda tana iya tace fiye da lita 100 a yini idan yanayi ya yi mata daɗi. A nan matsalar ta samo asali, domin gubar da take warwatse a cikin ruwa mai yawa, wadda mai iyo zai kurɓi kaɗan daga ciki bai ji komai ba, sai ta taru wuri ɗaya a cikin kayan cikin kawar, tana ƙara ƙarfi kullum matuƙar gansakukar tana cikin ruwan. Ita kanta kawar, a mafi yawan lokuta, babu abin da yake samunta: tana nan da ranta, namanta fes, har ƙiba take yi.

A galibin watannin shekara ƙwayoyin nan masu guba ba su da yawan da zai tayar da hankali. Amma idan wasu abubuwa suka haɗu, wato ɗumin ruwa da ya dace da su, da wadatar hasken rana, da lafawar igiyar ruwa, da kuma yalwar sinadaran da tsirrai suke ci, musamman naitirojin da fosfaras, sai su shiga rabuwa gida biyu-biyu, cikin 'yan makonni a sami dubbai ko miliyoyi a lita guda. A wasu lokuta yawansu yakan sauya launin teku ya koma ja ko ruwan ƙasa, shi ya sa mutanen gaɓa a ƙasashe da yawa suke kiran abin jan ruwa. Idan abincinsu ya ƙare, wasu ire-iren sukan naɗe kansu cikin ƙoƙo mai tauri su nutse cikin lakar ƙasan teku, su yi shekaru a can suna jira, har ranar da yanayi ya sake gyaruwa su ƙyanƙyashe. Saboda haka gaɓar da abin ya taɓa sauka, da wuya ta rabu da shi har abada.

Gubar da take shanye jiki

Mafi haɗari a cikin cututtukan da gubobin nan suke kawowa, kuma wadda aka fi daɗewa da saninta, ita ce mai shanye jiki, wadda gubar saksitoksin da 'yan uwanta suke haddasawa. Ire-iren gansakukar da suke haɗa ta sun ƙunshi Alexandrium a tekuna masu sanyi, da Pyrodinium bahamense a tekuna masu zafi, da Gymnodinium catenatum. A shekarar 1793 wasu daga cikin ma'aikatan jirgin Kyaftin George Vancouver suka gasa ƙumba suka yi kalaci da ita a wani lungun teku a gaɓar yammacin Kanada, nan da nan leɓunansu da yatsunsu suka dinga mutuwa, ɗaya daga cikinsu mai suna John Carter ya rasu a ranar. Bayan shekara shida, a 1799, mafarauta fiye da 100 daga cikin 'yan asalin Alaska da suke yi wa kamfanin Rasha aiki suka mutu bayan sun ci ƙumba a wani mashigin ruwa. Duk da haka ba a gane inda gubar take fitowa ba sai bayan annobar da ta auku a gaɓar San Faransisko a 1927, inda mutum 102 suka kamu, 6 suka mutu. Masu bincike biyu na Jami'ar Kalifoniya, Hermann Sommer da Karl Meyer, su ne suka bi diddigi na tsawon shekaru har suka nuna cewa ƙumba tana yin guba ne a daidai lokacin da wata irin gansakuka ta yawaita a ruwan da take zaune.

Yadda saksitoksin take aiki abu ne da ya kamata a fahimta sosai, domin daga fahimtarsa ake gane hanyar ceto. Duk motsin da jiki yake yi, har da numfashi, saƙo ne da yake tasowa daga ƙwaƙwalwa ya bi ta jijiya ya isa ga tsoka, kuma saƙon ba ya tafiya sai wasu ƙananan ƙofofi da suke jikin jijiyar sun buɗe, sinadarin sodiyam, wanda yake cikin gishiri, ya shiga. Gubar tana zuwa ta toshe bakin ƙofofin nan, sai saƙo ya tsaya. Mutum yakan fara jin alamar cikin rabin awa da cin abincin, wani lokaci ma kafin ya tashi daga gaban kwano: leɓe da harshe su yi tsam-tsam sannan su mutu, abin ya bazu zuwa fuska da wuya da kan yatsu, magana ta sarƙe, tafiya ta koma tangaɗi, wasu kuma su ji jikinsu ya yi sakayau kamar za su tashi sama. Idan gubar ta yi yawa, tsokokin ƙirji su ma sai su daina karɓar saƙo, numfashi ya tsaya, galibi tsakanin awa 2 zuwa 12. Abin tausayin shi ne, sau da yawa hankalin majinyacin yana nan daram har kusa da ƙarshe. Yana jin abin da ake faɗa a kansa, amma ba shi da ikon ɗaga hannu ko buɗe baki. 'Yan miligiram kaɗan sun isa su kashe babban mutum, kuma ƙarfin gubar ya kai an sanya ta a jeri na farko na abubuwan da yarjejeniyar duniya ta haramta makamai masu guba take sa wa ido.

Har yau babu maganin da yake karya wannan guba. Amma kuma ba ta lalata jijiya, toshe ta kawai take yi, kuma ƙoda tana fitar da ita ta fitsari cikin sauri, don haka wanda aka taimaka masa da numfashi har ya wuce yini guda, akasari yakan tashi garau ba tare da wata naƙasa ba. Ke nan tsakanin rai da mutuwa a wannan ciwo babu wani abu face iska da lokaci, kuma wannan ne ya sa adadin mamata yake bambanta ƙwarai tsakanin wurin da asibiti yake kusa da wurin da yake nesa. A 1987, a garin Champerico na gaɓar Guwatemala, mutum 187 suka kamu bayan sun ci wata ƙaramar ƙumba, akasari a cikin romo, 26 suka mutu. A cikin yara 'yan ƙasa da shekara 6 da suka kamu, rabi ne suka mutu, alhali a cikin manya kashi 7 cikin 100 ne. Jikin yaro ƙarami ne, abin da babba zai ci ya yi jiri ya warware, shi yana iya tafiya da shi. Ƙasar Filifin ta sha fama da wannan annoba tun daga 1983, kudancin Cile kuma tun daga 1972, lokacin da masunta uku suka mutu a yankin Magallanes.

Gubar mantuwa

A ƙarshen shekarar 1987 likitoci a birnin Montreal na Kanada suka fara karɓar wasu majinyata da ciwonsu bai yi kama da komai da aka sani ba. Sun fara da amai da murɗar ciki da gudawa, waɗanda kowa zai ɗauka gurɓataccen abinci ne, sai bayan yini ɗaya ko biyu wasunsu suka rikice, suka kasa gane inda suke, wasu suka kama jijjiga irin ta farfaɗiya, wasu suka suma. Da aka bincika sai aka tarar dukansu sun ci ƙumbar da aka yi kiwonta a gabashin tsibirin Prince Edward. Mutum 107 aka tabbatar sun kamu, 3 suka mutu, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun sami matsalar tunawa. Masana sinadarai a birnin Halifax suka duƙufa dare da rana, cikin 'yan kwanaki suka gano cewa gubar ita ce domoik asid, daga baya kuma aka tabbatar cewa wata gansakuka mai suna Pseudo-nitzschia ce take haɗa ta. Abin mamaki, sinadarin ba baƙo ba ne ga masana, domin tun wajajen ƙarshen shekarun 1950 aka ciro shi a Japan daga wata jar ciyawar teku da mutanen wasu tsibirai suke sha kaɗan-kaɗan don maganin tsutsar ciki. Babu wanda ya zaci zai iya taruwa a cikin abinci har ya yi kisa.

Aikin domoik kishiyar na saksitoksin ne. Waccan tana kashe saƙo, wannan kuwa tana kunna shi ta hana shi mutuwa. Ƙirarta ta yi kama da ta gulutamet, wato sinadarin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suke amfani da shi wajen zaburar da juna, don haka sai ta zauna a gurbinsa ta yi ta zaburar da ƙwayar babu hutu har ta gaji ta mutu, kuma ƙwayar ƙwaƙwalwa idan ta mutu ba ta dawowa. Sashen da ya fi jin jiki shi ne hifokamfus, wanda aikinsa ajiye sabon abin da mutum ya gani ko ya ji. Shi ya sa wasu daga cikin waɗanda suka tsira a Kanada suna iya tuna ƙuruciyarsu da sana'arsu da sunayen 'ya'yansu, amma idan baƙo ya shigo ya gaishe su ya fita, bayan 'yan mintoci ba su san an yi ba, kuma a wasunsu haka abin ya zauna har ƙarshen rayuwa. Tsofaffi da masu ciwon ƙoda su ne suka fi shan wahala, saboda ƙodarsu ba ta iya fitar da gubar da wuri.

Domoik ba ta tsaya a kan kawa da ƙumba kaɗai ba. Ƙananan kifaye masu cin gansakuka, irin su sadin, suna ɗaukarta a hanjinsu, ƙaguwa ma tana tara ta a kayan cikinta. A 1991 tsuntsayen teku masu yawa suka mutu a mashigin Monterey na Kalifoniya bayan sun ci irin waɗannan kifaye, a 1998 kuma fiye da 400 na dabbar ruwan da ake kira zakin teku suka mutu a gaɓar jihar, a 2015 kuwa gansakukar ta mamaye gaɓar yammacin Amurka har aka yi watanni an hana kamun ƙaguwa.

Sauran gubobin

Akwai wasu guda uku da ba su kai waɗannan kisa ba. Ta farko ita ce mai sa gudawa, wadda okadaik asid da danginta suke haddasawa, daga gansakukar Dinophysis; an fara lura da ita a Holan a 1961, masanin Japan Takeshi Yasumoto kuma ya fayyace ta bayan ɓarkewarta a ƙasarsa a 1976. Tana kawo gudawa da amai da ciwon ciki cikin 'yan awoyi, ta yi kamar kwana uku ta wuce, kuma ta kwantar da dubban mutane a Sifen da Faransa a farkon shekarun 1980. Ta biyu, azaspirasid, alamominta kusan iri ɗaya ne, an fara lura da ita ne a 1995 bayan wasu mutane a Holan sun ci ƙumbar da aka kawo daga Ailan. Ta uku ita ce birebitoksin ta gansakukar Karenia brevis, wadda ta addabi gaɓar Fulorida da mashigin Meziko; tana sa mutuwar leɓe da jiri da rikicewar ji har mutum ya taɓa abu mai sanyi ya ji zafi, tana kashe kifaye tuli, kuma ita kaɗai ce a cikinsu da ba sai an ci komai ba, domin idan igiya ta farfasa ƙwayoyin iska takan kwaso gubar zuwa tudu, masu yawo a bakin teku su kama tari da ƙaiƙayin ido, masu asma kuma ciwonsu ya tashi.

Abin da tukunya ba ta iyawa

Wannan shi ne sashen da ya fi kowanne muhimmanci ga mai karatu, domin a nan ne mutane masu hankali da tsabta suke faɗawa cikin haɗari. Bahaushe ya san rogo mai ɗaci, ya kuma san cewa idan aka fere shi, aka jiƙa, aka shanya ko aka dafa shi yadda ya kamata, gubarsa takan tafi ya zama abinci. Daga irin wannan sani ne aka ɗauka cewa duk wata cutar da take cikin abinci wuta tana maganinta. A kan ƙwayoyin cuta wannan gaskiya ne, kuma dafa kawa sosai wajibi ne saboda su. Amma gubobin gansakuka ba halittu ba ne da za a kashe, sinadarai ne masu jure zafi, waɗanda tafasawa ba ta rusa su, haka suya, haka gashi, haka ƙyafewa da hayaƙi, haka daskarewa a firji. Tafasawa takan fitar da wani kaso daga naman ya koma cikin ruwa, wanda hakan yake nufin romon da ake ɗiba a ba yaro ko mara lafiya don ya ji ƙarfi yana iya zama mafi haɗari a cikin tukunyar. Gishiri da yaji da lemon tsami da kanwa duk ba su da tasiri a kanta.

Haka nan ido da hanci da harshe ba sa gane ta. Kawa mai guba ba ta wari, ba ta ɗaci, ba ta sauya launi, ba ta yauƙi. Tana rufe ɓawonta gam kamar kowace lafiyayyiya, kuma mai sayarwar da ya rantse cewa yanzu aka ciro ta daga ruwa gaskiya ya faɗa, sai dai sabuntarta ba ta da alaƙa da zancen. Kallon launin teku ma ba hujja ba ne ta kowane ɓangare. Wasu ire-iren, musamman Dinophysis, suna sa ƙumba ta yi guba alhali ruwa yana nan garai-garai, wani jan ruwan kuma na gansakuka ce marar guba. Bayan wannan, gubar takan zauna a jikin halittar bayan ruwan ya washe: wasu ire-iren ƙumba suna tsarkaka cikin 'yan makonni, amma akwai wata a Alaska da take riƙe saksitoksin har shekara biyu. Dabarun gwaji na gargajiya da ake ji a wurare daban-daban, kamar jefa cokalin azurfa a tukunya a ga ko zai yi baƙi, ko taɓa naman a leɓe a jira, ko jefa wa kyanwa a ga abin da zai same ta, babu ɗaya da za a jingina rai a kansa, domin ko a wuri guda wata ƙumbar takan fi maƙwabciyarta guba nesa ba kusa ba. Masu bin mazhabar Malikiyya sun san cewa abin da yake rayuwa a teku halal ne. Amma halaccin abinci daban, amincinsa a wani wuri da wani lokaci daban.

Awo kafin kamu

Tunda gida ba shi da dabara, kariyar da ta rage ita ce ta hukuma, kuma ƙasashen da suka ɗauke ta da gaske sun ci moriyarta. Tsarin ba shi da sarƙaƙiya: ma'aikata suna ɗibar ruwa daga wuraren kamu da na kiwo a kai a kai, suna ƙidaya ƙwayoyin gansakuka masu guba, suna kuma ɗaukar naman kawa da ƙumba zuwa ɗakin bincike a auna, idan gubar ta haura ƙa'ida sai a rufe wurin, a kafa allunan gargaɗi, a sanar a rediyo, ba za a buɗe ba sai awo ya nuna ta sauka. Ƙa'idar da Tarayyar Turai da ƙasashe da dama suke bi ita ce maikirogiram 800 na saksitoksin a kowane kilo na nama, da miligiram 20 na domoik, da maikirogiram 160 na okadaik. A da ana yin awon ne ta hanyar yi wa ɓera allurar ruwan naman a ga tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya mutu, yanzu kuwa na'urorin tantance sinadarai sun maye gurbin wannan a wurare da yawa. Sakamakon a bayyane yake: a ƙasashen da suke awo, da wuya a ji wanda ya sayi kawa a kasuwa ya mutu, kuma mafi yawan masu kamuwa su ne waɗanda suka je suka tsinto da kansu a wurin da aka rufe. Rufewar tana da ciwo, domin tana tsayar da abincin masunta na makonni ko watanni, kamar yadda aka gani a tsibirin Chiloé na Cile a 2016, inda mutane suka tare hanyoyi suna neman tallafi. Hukumar da ta rufe ruwa ba ta tanadi abin da masunci zai ci ba, ita da kanta ta tura shi ya saci jiki ya koma.

Ana yawan cewa annobar gansakuka tana ƙaruwa a duniya. Wani babban nazari da aka wallafa a 2021, wanda ya duba rahotanni kusan 9,500 daga 1985 zuwa 2018, bai sami ƙaruwa iri ɗaya a ko'ina ba: a wasu yankuna ta hau, a wasu ta sauka, kuma yawan rahotannin yana tafiya ne tare da yawan awo da bunƙasar kiwon halittun ruwa. Amma hannun mutum a cikin lamarin ba ɓoyayye ba ne. Takin zamani da ruwan sama yake wankowa daga gonaki, da ƙazantar birane da ake zubawa a teku ba tare da tacewa ba, abinci ne ga gansakuka. Manyan jiragen ruwa kuma suna ɗurar ruwa a cikinsu don daidaita nauyi, su je wata nahiyar su zubar da shi da ƙwayoyin da ke ciki, abin da ya sa aka ƙulla yarjejeniyar duniya a kansa a 2004, ta fara aiki a 2017. Ɗumamar teku ita ma tana tura wasu ire-iren zuwa wuraren da a da sanyi ya hana su zama.

Gaɓar Afirka da abin da ya rage ga mai karatu

Nahiyar Afirka ba ta kuɓuta ba. Afirka ta Kudu ta san gubar shanyewar jiki a gaɓarta ta yamma tun tsakiyar ƙarni na 20, a Maroko kuma ta kashe mutane a 1994, kuma ƙasashen biyu tare da Namibiya suna da tsarin awo. A mashigin Gini, binciken masana na jami'o'in Nijeriya ya nuna akwai ire-iren gansakuka masu iya haɗa guba a ruwan gaɓar ƙasar, alhali kawar da mata suke cirowa daga saiwoyin itatuwan bakin teku a yankin Neja Delta da Gambiya da Senegal, galibinta tana tafiya ne daga kwalekwale zuwa kasuwa ba ta bi ta wani ɗakin bincike ba. Ƙarancin rahoton mace-mace a irin waɗannan wurare ba shaidar aminci ba ne, domin ciwon da ba a san sunansa ba, da wani sunan ake binne mai shi: a ce kwalara, ko shanyewar ɓarin jiki, ko sammu. Kafa tsarin awo a manyan wuraren kamu, da koya wa ma'aikatan lafiya na gaɓa alamomin nan, nauyi ne da yake kan hukumomin kamun kifi da na lafiya, kuma kuɗinsa bai kai asarar da annoba guda za ta jawo ba.

Hausawa da yawa suna zaune a Legas da Fatakwal da Kalaba da Akra da Kwatano da Duwala da Bur Sudan, wasu kuma karatu da fatauci sun kai su gaɓar Turai da Amurka da Asiya, inda abincin teku yake cikin abin da ake ci yau da kullum. Wanda yake ƙasar da ake awo, ya sayi kawa da ƙumba daga masu izinin sayarwa, kada ya tsinta da kansa a bakin teku sai ya tabbatar wurin a buɗe yake, kuma allon gargaɗi idan ya gan shi ya bi shi ko da ruwan ya yi kyau a ido. Wanda yake inda ba a awo, ya ƙaurace musu duk lokacin da teku ya sauya launi ko aka ga matattun kifaye da tsuntsaye a gaɓa, da kuma makonnin da suka biyo baya, ya cire kayan cikin ƙaguwa da na ƙananan kifaye kafin dafawa, ya kuma yi taka-tsantsan wajen ba yara ƙanana da tsofaffi da masu juna biyu da masu ciwon ƙoda.

Idan kuwa wani ya ci abincin teku sannan ya ce leɓensa ko harshensa ya mutu, ko magana ta fara sarƙe masa, ko ya rikice, to, kada a tsaya jiran a ga abin da hali zai yi, kada kuma a ɗura masa manja ko madara da sunan karya guba, domin ba sa karya ta, kuma wanda maƙogwaronsa ya fara shanyewa yana iya shaƙewa da su. A ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa nan take, a faɗa wa likita abin da ya ci da lokacin da ya ci, a tafi da sauran waɗanda suka ci daga tukunyar ko da ba su ji komai ba tukuna, a ajiye ragowar abincin domin awo, a kuma aika wa maƙwabta da mai sayarwa su dakata. Idan numfashinsa ya tsaya a hanya, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa a dinga hura masa iska baki da baki, kuma kada a daina don an ga ba ya motsi, har sai an miƙa shi a hannun ma'aikatan lafiya.